Tarihin Yaji da Biko a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya tashi a babban gida irin na mutanen da, inda tsoho da 'ya'yansa da jikokinsa suke shiga ta zaure guda, da wuya a ce bai taɓa wayar gari ya tarar da wata yayarsa ko gwaggonsa kwance a ɗakin kakarsa ba, alhali kuwa jiya da aka sa wa ƙofa sakata tana can ɗakin mijinta. Ni kaina na ga haka ina yaro, wata safiya da hunturu, ina kuma tune da yadda wadda ta dawo ɗin ta rufe gefen fuskarta da mayafi, da yadda aka kore mu waje da sunan mu je mu ɗauko alluna, da yadda muka tsinci kalmar a bakin manya suna faɗinta ƙasa-ƙasa, wai ta yi yaji. Kwana huɗu ta yi a gidanmu. Ran na biyar da la'asar wasu dattawa biyu suka yi sallama da ƙunshin goro, aka shimfiɗa musu buzu a zaure, aka daɗe ana magana, har muryar baffanmu, wanda ba a san shi da ɗaga murya ba, ta kai tsakar gida. Bayan isha'i aka raka ta da fitila, kuma iyakar sanina hannun mijin nata bai ƙara sauka a jikinta ba har mutuwa ta raba su. Wannan al'ada, wadda a yau ake lissafa ta cikin laifuffukan mata, ita nake nufin in bi sawunta, domin a ganina tana cikin manyan garkuwoyin da ƙasar Hausa ta taɓa ƙera wa mai rauni a cikin gida.

Kalmomin da muke ɗaura aure da su, da waɗanda muke warware shi da su, kashi biyu ne. Sadaki da waliyyi da idda da nafaƙa da alƙali duk baƙi ne, sun zo mana daga Larabci tare da littattafan fiƙihu. Amma yaji da biko, kamar kishiya da uwargida da zawarci, 'yan gida ne haifaffun harshen, abin da ke ƙarfafa mini zaton cewa al'adar ta riga malamai zama a ƙasar nan. Biko daga bi yake, wato bin sawun wadda ta tafi. Yaji kuwa shi ne barkono da masoro da citta da danginsu, abin da ke ƙona harshe, daga nan aka ara wa zafin rai sunan. Aron ma ba na jiya ba ne, gama Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Ali ɗan Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, wanda kuma a zamaninsa Wangarawa suka iso daga Mali da addinin Musulunci, an yi masa laƙabi da Yaji ne saboda zafin zuciyarsa tun yana yaro. Da Bargery ya fitar da babban ƙamus ɗinsa a 1934 ya tarar da kalmomin biyu zaune daram da ma'anarsu ta aure, ya rubuta su kamar yadda ya ji.

Tarihin Kano ɗin nan dai shi ya lissafa kulle cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya fara, tsakanin 1463 da 1499. Kulle ya soma a fada, ya gangara gidajen malamai da attajirai, daga bisani ya game birane, kuma kowace irin daraja aka ba shi, yana da wata illa guda wadda ba ta ɓuya ga mai hankali, ita ce abin da ya faru a bayan katanga ba mai ganinsa sai wanda ya aikata da wadda aka aikata wa. A zamanin Rumfa ɗin ne kuma Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili ya sauka Kano, ya rubuta wa sarki risalarsa a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, cikin abin da ya hore shi da shi har da zama kowace rana a inda masu rauni, mata da yara, za su iya kaiwa gare shi da kukansu. Amma tsakanin ɗakin matar talaka da zauren sarki akwai tafiya mai nisa da dogarai a hanya. Ƙofar da ta fi kusa da ita, wadda ba ta bukatar iso, ita ce ƙofar gidan da aka haife ta.

Yaji yana da ƙa'idodinsa, ko da yake ba wanda ya rubuta su. Mai yaji ba ta kwashe kaya: tasoshinta da ƙorenta da gadonta da duk jeren da iyayenta suka yi mata tana barinsu a ɗaki, ta ɗauki mayafi da goyonta kaɗai, kuma barin kayan nan shi ne shaidar cewa igiyar aure tana nan ba ta tsinke ba, ƙara ce aka ɗaukaka zuwa ga manya. Ba ta kuma nufar gidan ƙawa ko na baƙo, don kada a sami abin faɗi a kan mutuncinta; gidan ubanta take nufa, ko na baffan da ya ba da aurenta, ko na gwaggon da ta riƙe ta. Idan 'yar fari ce, wadda kunya ta hana uwa da uba ko ambaton sunanta, balle su tsaya mata a gaban suruki, sai maganar ta koma hannun kaka ko baffa ko kawu, waɗanda ba kunyar da ta ɗaure musu harshe. Tsohuwar gida ita ke fara bincike, a ɗaki, ƙofa a rufe, ta ji ta bakinta, ta kuma duba jikinta. Abin da ta gani shi take kai wa maza a zaure, shi ne kuma ke yanke irin tarbar da za a yi wa masu biko. In ƙaramin saɓani ne, irin wanda ake cewa harshe da haƙori ma suna yi, kafin gari ya waye an yi mata faɗa an mai da ita. In kuwa an ga shatar bulala ko kumburin ido, ko aka tabbatar da horon yunwa, ko zagin iyaye, to sai a ce ta zauna, a yi shiru, a jira.

Wannan jiran shi ne zuciyar al'amarin. Mijin da matarsa ta yi yaji yakan wayi gari murhu ba wuta, yara suna kuka, maƙwabta sun ga fitarta, abokan zamansa na dandali sun ji, limamin unguwa ya ji, kuma dattako bai ba shi damar ya taka da ƙafarsa ya je ya jawo ta ba. Dole ya nemi wanda ya fi shi, ko ƙanin mahaifinsa, ko wakilin da ya karɓa masa auren, ko wani aminin ubansa, ya zauna a gabansa ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Tun a nan ya fara shan hukuncinsa, domin ba dattijon da zai yarda ya ɗauki goro ya je ya durƙusa a zauren wasu bai fara wanke yaron nasa tas ba. A can kuma za a bar su su yi ta ba da haƙuri, sa'an nan mai magana da yawun gidan ya ce, «Malam, mu aure muka ba ku, ba jaka muka ba ku ba. In ya gaji da ita, ga ɗakin uwarta nan ba a rushe ba.» Akan mai da masu biko sau ɗaya, har sau biyu, in laifin ya yi girma. Ran da aka amince, sai a gindaya sharaɗi a gaban shaidu, miji ya aiko da turmin zane ko wani abin da zai wanke zuciya, a sa wata dattijuwa ta raka ta har ɗakinta, ta zauna ta sha ruwa, don duk gidan su san cewa wannan yarinya tana da masu ita. Ba a kira ɗan doka ba, ba a biya ko anini na kotu ba, amma an kama azzalumi da abin da Bahaushe ya fi tsoro, wato zubewar girma a idon mutanen da zai yi salla sahu ɗaya da su har ƙarshen ransa.

Mai karatu zai ce, ashe shari'a ba ta hana mace fita ba da iznin miji ba? Ta hana, ta kuma kira mai yin haka nashiza, har ta ɗauke wa miji ciyar da ita. Sai dai masu sharhin Muhtasar na Shehu Halilu, littafin da alƙalanmu suka yi ƙarnuka suna hukunci da shi, sun sa wa wannan hukunci sharaɗi, cewa sai in ita ce mai zalunci, ba wadda aka zalunta ba. Mazhabar Imamu Malik kuwa, cikin mazhabobi huɗu, tana gaba wajen buɗe wa mace ƙofar kuɓuta daga abin da fuƙaha'u ke kira darar, wato cutarwa. Halilu ya ba ta ikon a sake ta saboda cutarwa bayyananniya, ko da shaidu ba su tabbatar cewa an maimaita ba. Shehu Dardiri, da ya zo yin bayani, bai tsaya ga duka ba, ya haɗa da ƙaurace mata ba bisa dalili ba, da zaginta, da zagin mahaifinta. Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa ta Andalus wanda ya rasu a 1426, ya nuna a cikin Tuhfa cewa cutarwa tana tabbata da shaidu, tana kuma tabbata da labarin da ya bazu a bakin maƙwabta da masu shiga gida, sassaucin da ya dace ƙwarai da ƙasar da ake kulle. Idan ƙara ta yawaita hujja ta gagara, alƙali ya zaunar da ma'auratan a tsakanin mutanen kirki da za su sa ido. Idan ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ya tashi masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni, kuma a wurin Malikawa in waɗannan biyu suka ga raba auren shi ne maslaha, hukuncinsu ya zartu ko miji bai so ba. Wanda ya dubi zaman nan na zaure, dattijo daga can dattijo daga nan, zai ga ayar ce take tafiya da ƙafafunta cikin rigar Hausa.

Ba zan tsallake ayar da ta gabaci wannan ba, ta 34, wadda masu saurin hannu suka haddace ko da ba su haddace wata ba. Malamai ba su bar ta sakaka ba: sun ce sai bayan wa'azi da ƙaura, sun ce kada ya karya ƙashi ko ya bar tabo, sun ce in bai yi zaton zai yi amfani ba bai halatta ba, sun ce bari shi ya fi, sun kuma ɗora wa alƙali ya tsawata wa mijin da ya ƙetare haddi har ya hore shi. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi ya kawo fahimtar Aɗa'u, babban malamin Makka cikin tabi'ai, cewa miji ya yi fushi amma kada ya yi duka. Shehu Ɗahir Ibn Ashur na Tunis, Bamalike ne shi ma, wanda ya rasu a 1973, ya bayyana a tafsirinsa cewa hukuma tana da ikon hana mazaje wannan abu ta kuma hukunta wanda ya yi, idan ta ga sun wuce gona da iri. Sama da duk wannan akwai shaidar Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, wadda Muslim ya ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Shi ne kuma ya kawar da Faɗimatu 'yar Ƙaisu daga auren wani mai nemanta saboda an san shi da dukan mata.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tarar da wannan ilmi a kulle cikin gafakar malamai, matan da aka saukar da shi dominsu ba su san da shi ba. A cikin Nurul Albab ya zargi malaman zamaninsa da barin matansu da 'ya'yansu mata da bayinsu cikin duhun jahilci, suna can waje suna tara ɗalibai don neman suna, ya kuma gargaɗi mata game da masu nanata musu biyayyar miji ba sa ambata musu biyayyar Allah da Manzonsa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ɗauki wannan nauyi ta hanyar 'yan taru, tana naɗa jajoji da malafa tana tura su ƙauyuka su karantar da mata 'yan'uwansu.

Duk da haka gaskiya ta wajabta a faɗi cewa garkuwar nan ba kowa ta rufe ba. Yaji dukiyar mai dangi ce. Kuyangar da aka kamo daga wata ƙasa, da ƙwarƙwarar da aka saya aka kulle, ba su da zauren da za a je biko, ba su da baffan da zai ɗaga murya dominsu; fiƙihu ya ce bawan da ubangijinsa ya naƙasa shi da gangan ya 'yantu, amma wa zai kai ta gaban alƙali ta nuna tabon? Dokar Turawa ta 1901 ta 'yantar da duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na shekarar, ba a kuwa soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936, kuma a tsakanin nan mata da yawa da aka fansa a kotuna daga hannun wani ubangiji suka faɗa hannun wani da sunan aure. Marainiya ma, da 'yar talakan da aka ba mai arziki ko mai sarauta, kusan haka suke, gama uban da ke cin abinci a hannun surukinsa ba ya iya mai da masu biko.

Hoto mafi cika da muke da shi na yadda 'ya'ya mata suka yi aiki da wannan al'ada ya fito ne daga bakin wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Ita kanta aure huɗu ta yi. Labarinta cike yake da matan da suka fita, da dangin da suka taru a kansu, da waɗanda suka koma, da waɗanda suka ce atafau sai gaban alƙali, kuma mai karanta shi ba zai ga macen da ta ɗauki gidan miji kabari ba. Zai ga mata masu ƙawaye da iyayen ɗaki da 'yan'uwa a garuruwa da dama, waɗanda suka san inda za su sa ƙafa in zama ya ƙi. A wancan zamani na En'e, shari'ar aure da saki tana cikin abin da ya fi cika zauren alƙali. A nan ne kuma wata ɓaraka ta shigo wadda har yau ba a ɗinke ta ba: tabbatar da cutarwa yana bukatar kiran shaidu da bincike da ɓata ran miji, hul'i kuwa ba ya bukatar kome sai mace ta mai da sadaki, saboda haka sai hanya mai sauƙi ta rinjayi hanya mai adalci, aka wayi gari wadda aka fasa wa baki ita ce ke sayar da akuyarta da tasoshinta ta fanshi kanta daga wanda ya fasa. Alhali kuwa littattafan da ke gaban alƙalin sun ce in ta tabbata cewa cutarwa ce ta tilasta mata hul'i, sakin ya tabbata, dukiyarta kuma a mayar mata.

Da mulkin kai ya gabato, gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta kira wani kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, don a daidaita dokokin laifuffuka na Jihar Arewa. Daga shawararsu aka sami kundin Final Kod, wanda majalisa ta zartar a 1959 ya fara aiki ran 30 ga Satumba 1960, an kuwa gina shi a kan na Sudan, shi kuma na Sudan a kan wanda Ingilishi suka rubuta wa Indiya a 1860. Sashe na 55 na wannan kundi ya jera mutum huɗu da ba a kama su da laifi in sun yi horo, muddin horon bai kai mummunan rauni ba: uba ko mariƙi a kan yaron da bai kai shekara 18 ba, malamin makaranta a kan ɗalibinsa, maigida a kan baransa ko mai koyon sana'a a hannunsa, da miji a kan matarsa idan al'adarsu ta yarda da haka. Gida da makaranta da wurin sana'a, duka uku a sashe ɗaya. Mummunan rauni kuwa, bisa fassarar sashe na 241, shi ne irin makantarwa da kurmantarwa da karya ƙashi da fitar da haƙori da ɓata fuska har abada, ko ciwon da zai kwantar da mutum kwana 20. Gaskiya ne sashen bai hana mace neman saki a gaban alƙali ba, hukuncin laifi kawai ya ɗauke. Amma a auna tazarar da ke tsakanin Dardiri, wanda ya ga zagin uban mace ya isa a raba aure, da dokar da ba ta ga laifi ba sai an yi jinyar kwana ashirin. Tsohuwar da ke duba jikin jikarta a ɗaki ba ta taɓa jiran ƙashi ya karye ba.

Abin da ya raunana yaji daga baya ba doka ba ce kaɗai. Nisa ya shigo: jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatauci da aikin albashi suka watsa mutane, aka kai 'yar Katsina zangon Kumasi, aka kai 'yar Damagaram Sabon Zango na Ankara, inda sai dai Sarkin Zango ko limami ko maigidan da ya sauke su ya tsaya a matsayin uba, in an yi dace da mai tsoron Allah. Babban gida ya tsage ya koma ɗaki da falo a gidan haya, inda maƙwabci yake jin kuka ta bango ya ƙara ƙarar rediyo, don bai san sunan mai kukan ba balle na ubanta. Talauci ya sa uba yana ganin 'yarsa a ƙofa da goyo da wasu biyu a hannu sai ya fara lissafin mudu. Sa'an nan aka ɗauko haƙuri, wanda yake ado ne ga mumini da maganin zaman duniya, aka mai da shi murfin rufe kowace irin ɓarna, har ya zamana ana yabon uba da cewa shi 'yarsa ba ta kwana a gidansa, ko ruwa ba ya bari ta sha sai ya tasa ƙeyarta. Na sha jin ana faɗin haka da alfahari a wurin ɗaurin aure, kuma duk sa'ad da na ji sai gabana ya faɗi, domin ango yana zaune yana saurare, an kuwa shaida masa a gaban jama'a cewa duk abin da ya yi ba mai tambayarsa.

Akwai wani abin lura a cikin harshen kansa. Da zamanin ma'aikata ya zo, ma'aikatan reluwe da na gwamnati suka ajiye aiki sama da kwana 40 a 1945 don neman ƙarin albashi, aka kuma ci gaba da irin haka har yau, Hausa ba ta je aron suna ga kowa ba, ta shiga ɗakin matar aure ta ɗauko, ta ce yajin aiki. Ma'anar kuwa ba ta kauce ko kaɗan ba: wanda aka ƙware ya janye hannunsa ba tare da ya tsinke igiya ba, ya jira a biyo shi a yi magana a gaban shaidu, a gyara, ya koma. Mun yarda wannan haƙƙi ne ga malamin makaranta da likita da direban tanka, har muna sa hakimai da sarakuna su je biko. Bai kamata mu hana shi ga wadda aka aro sunan daga gare ta ba, alhali ita abin da take karewa jikinta ne da ranta.

A watan Mayu na 2015 aka sa hannu a Abuja a kan dokar hana cin zarafin mutane, wadda ta sa wa mai dukan abokin aurensa ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko tarar da za ta iya kai naira 200,000, ko duka biyu. Jihohi suka bi baya ɗaya bayan ɗaya, Kaduna tun a 2018. Hukumar Hisba, wadda Kano ta kafa da doka a 2003, ta zama wani sabon zaure da mata ke kai kuka. Waɗannan duka alheri ne, ina kuma roƙon duk majalisar jihar da har yanzu sakin layin nan na miji da mata, irin na sashe na 55, yake cikin kundinta ta goge shi, ina roƙon alƙalanmu su koma ga babin cutarwa kamar yadda Halilu da Ibn Asim suka shimfiɗa shi, su daina karɓar fansa daga hannun mai rauni a jiki. Amma ofis yana rufewa da yamma, kotu ba ta zama da dare, duka kuwa galibi da dare ake yinsa.

Saboda haka maganata ta ƙarshe gare ku take, iyaye maza da baffanni da kawunnai. Ran da 'yarku ta ƙwanƙwasa ƙofa a lokacin da ba na ziyara ba, ku buɗe, ku ba ta ruwa, ku sa uwarta ko gwaggonta ta shiga ɗaki da ita ta ji ta kuma duba. In jikinta yana bukatar asibiti a fara da asibiti. Kada ku ce mata ta yi haƙuri sai kun san abin da za ta haƙura da shi, kada kuma ku mai da ita sai wanda ya taɓa ta ya turo manyansa sun zauna a zaurenku, sun ji sharaɗinku, sun ɗauka a gaban shaidu.